Ernesto Che Guevara (1928–1967): Ɗalibin da Ya Ratsa Duwatsun Ƙanƙara a Kan Babur

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin jami'a wanda bai taɓa ganin hoton wani Bature mai gemu da doguwar suma, sanye da hular soja mai tauraro a goshi, a jikin riga ko a bangon ɗaki ba. Wannan mutum shi ne Ernesto Guevara, wanda duniya ta fi sani da Che. Mutane da yawa sun san shi a matsayin ɗan juyin juya hali, amma kaɗan ne suka san cewa kafin ya ɗauki bindiga, ɗalibin likitanci ne mai fama da ciwon asma, wanda ya jingine karatunsa ya hau tsohon babur domin ya ga yadda talakawan nahiyarsa suke rayuwa. Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarsa, tare da mayar da hankali a kan tafiyar babur ɗin da kuma duwatsun ƙanƙara da ya hau. A ƙarshe za a ga cewa mutumin da sanyi da tsauni da cuta suka kasa tsayarwa, ya sha wahala ƙwarai a hannun wani abu da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban harshe.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Ernesto a birnin Rosario na ƙasar Ajantina a shekarar 1928, kuma takardar haihuwarsa ta nuna ranar 14 ga watan Yuni. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar na mahaifiyarsa. Iyayensa masu rufin asiri ne, kuma gidansu cike yake da littattafai. Yana ɗan shekara biyu ciwon asma ya kama shi, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Saboda wannan ciwo ne iyalin suka ƙaura zuwa garin Alta Gracia da ke lardin Cordoba, inda iska take a bushe, da fatan yaron zai sami sauƙin numfashi.

Ciwon ya yi masa abu biyu. Na farko, ya kwantar da shi a gado kwana da kwanaki, abin da ya sa ya shaƙu da karatu, ya kuma koyi Faransanci a wurin mahaifiyarsa. Na biyu, ya sa masa taurin kai. Maimakon ya guji wasanni masu wuya, sai ya shiga wasan zari-ruga, wanda ƙarfafa ma suke jin jiki a cikinsa. Idan numfashinsa ya sarƙe sai ya fita gefen fili ya shaƙi magani, sannan ya koma. A shekarar 1948 ya shiga Jami'ar Buenos Aires domin karatun likitanci. A farkon 1950 kuma ya ɗaura wa kekensa ɗan ƙaramin inji, ya zaga lardunan arewacin Ajantina shi kaɗai, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 4,500.

Babur Mai Suna Mai Ƙarfi

Ernesto yana da wani aboki da ya girme shi da shekara shida, mai suna Alberto Granado, masanin haɗa magunguna wanda ya yi aiki a wani asibitin kutare a lardin Cordoba. Alberto yana da tsohon babur ƙirar Norton, na ƙasar Ingila, mai inji 500, wanda aka ƙera a 1939. Ya raɗa masa suna La Poderosa, wato Mai Ƙarfi da harshen Sifaniyanci. Su biyun suka yanke shawarar su hau shi su nufi arewa, su ratsa nahiyar Amurka ta Kudu. A lokacin saura shekara guda Ernesto ya kammala karatu.

Ranar 4 ga Janairu, 1952, suka bar Buenos Aires. Ya kamata mai karatu ya lura cewa a kudancin duniya yanayi a juye yake da namu: watan Janairu, lokacin da muke cikin hunturu, su a can tsakiyar zafi ne. Don haka sanyin da matafiyan nan suka sha ya zo musu ne daga tsawon duwatsu da iskar kudu. Sun labta wa babur ɗin kaya fiye da ƙima, akwai tanti da barguna da tukwane da gasasshen ƙarfe na gasa nama, har nauyin ya rinjayi baya. Da suka shiga hanya mai yashi sai faɗuwa ta zama abincin yau da kullum, har akwai ranar da suka faɗi sau tara. Duk abin da ya karye a jikin babur ɗin, Alberto da waya yake ɗaure shi.

Tun ba su yi nisa ba mura mai zafi ta kwantar da Ernesto a wani asibiti a garin Choele Choel, inda aka yi masa allurar fenisilin. Da ya warke suka ci gaba har gindin duwatsun Andes, wato jerin tsaunukan da suka miƙe tun daga kudancin nahiyar har arewacinta.

Hawan Dutsen Farko

A yankin tafkuna da ke kusa da garin San Martin de los Andes ne suka fara taka dusar ƙanƙara. Sun ajiye babur a wurin wani mai gadin daji, suka nufi wani tsauni da suka hango kansa fari fat. Ba su da igiya, ba su da takalman hawan dutse, ba su kuma san hanya ba. Sun tashi da rana tsaka, suka isa saman da la'asar, suka ɗan yi wasa a cikin ƙanƙarar, sannan suka juyo. A nan ne suka gane cewa saukowa ta fi hawa wuya. Dare ya rufe su a cikin dajin gora mai sarƙaƙiya, suka bi ƙorama mai ruwan sanyi a cikin duhu, tufafinsu suka yayyage, Alberto ya yar da tabaransa. Da kyar suka iso ƙasa. Mutumin da numfashi yake gagara a kan gadonsa ya hau tsauni ya sauko da ƙafarsa, wannan ya ƙara masa yarda da kansa.

A watan Fabrairu suka ƙetare tafkuna a jirgin ruwa tare da babur ɗinsu suka shiga ƙasar Chili. A garin Temuco wata jarida ta buga labarinsu, ta kira su ƙwararrun likitocin kuturta guda biyu daga Ajantina. Wannan yabo ya wuce matsayinsu, amma sun yanke shafin suna nunawa, ya kuma sama musu abinci da wurin kwana a wurare da dama. Shi kuwa Mai Ƙarfi, ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Sun yi mummunar faɗuwa da ta fasa akwatin giya. Bayan gyara, birki ya tsinke musu a kan gangara a tsakiyar garken shanu. Daga ƙarshe babur ɗin ya kasa hawa wani tudu, aka ɗora shi a kan babbar mota zuwa birnin Santiago, inda suka bar shi a farkon watan Maris. Wata biyu kawai ya yi musu aiki a cikin tafiyar da ta ɗauki kimanin wata takwas.

Daga Babur Zuwa Ƙafa

Mutuwar babur ɗin ce ta sauya tafiyar. Muddin suna kansa, 'ya'yan manya ne masu yawon buɗe ido, ana karɓar su da girmamawa. Da suka rasa shi sai suka koma roƙon a rage musu hanya, suna kwana inda talaka yake kwana. A birnin Valparaiso aka kai Ernesto ya duba wata tsohuwa mai ciwon asma da ciwon zuciya, wadda ta ƙare rayuwarta tana aikatau. Ya tarar da ita a ɗaki mai ƙura da wari, danginta suna kallon ta a matsayin kaya, ya kuma gane cewa 'yan ƙwayoyin da zai ba ta ba za su taɓa tushen matsalarta ba.

Daga nan suka ɓuya a cikin wani jirgin ruwa na dakon kaya zuwa Antofagasta. Da aka kama su sai aka sa Ernesto wanke ban-ɗaki, Alberto kuma feraye dankali. Suka shiga hamadar Atacama, inda rana take ƙuna, dare kuma yake da sanyi mai ratsa ƙashi. A wani ƙaramin gari mai suna Baquedano suka haɗu da wani ma'aikacin haƙar ma'adinai da matarsa, waɗanda aka tsangwama saboda ra'ayinsu na kwaminisanci, suna neman aiki, ba su da ko bargo ɗaya. Matafiyan suka ba su ɗaya daga cikin bargunansu, su biyu suka ƙudundune a cikin ɗayan. Bayan haka suka ziyarci mahaƙar tagulla ta Chuquicamata, wadda a wancan lokaci take hannun wani kamfanin Amurka, suka ga dukiyar da ake fitarwa da kuma maƙabartar ma'aikatan da suka mutu wajen fitar da ita.

Cikin Ƙanƙarar Peru

A ƙarshen watan Maris suka shiga ƙasar Peru ta garin Tacna. Daga garin Tarata, tun kafin asuba, suka hau bayan wata babbar mota cike da mutanen ƙabilar Aimara da dabbobinsu, suka nufi tafkin Titicaca. Hanyar ta yi ta hawa har kusan mita 5,000 daga doron teku. A irin wannan tsawo iska takan yi ƙaranci, abin da yake wahalar da mutum da inji baki ɗaya. Motar ta sami matsalar kafireta, dole kowa ya sauka aka taka kimanin kilomita uku a cikin dusar ƙanƙara. Ernesto da Alberto suna sanye da takalma da safa ta ulu, amma yatsunsu suka daskare. Su kuwa Aimarawan, da yawansu ƙafa ba takalmi suke taka ƙanƙarar, ba tare da ko ɗaga kai ba.

Abin da ya dami Ernesto shi ne ya kasa magana da su. Shi Sifaniyanci yake ji, su kuma harshensu Aimara ne. Ko waɗanda suke jin ɗan Sifaniyanci, ɗaruruwan shekaru na danniya sun koya musu su yi shiru a gaban baƙo farar fata. Da motar ta kai ƙololuwar hanya, inda aka tara duwatsu tsibi guda, matafiyan suka ga mutanen suna tofa yawu ko suna jefa dutse. Ba su fahimci komai ba sai da wani malamin makaranta da ke cikin motar, wanda yake da jinin mutanen, ya bayyana musu cewa al'ada ce ta miƙa gajiya da baƙin ciki ga Pachamama, wato Uwar Ƙasa a addininsu na gargajiya. Ke nan abin da ya sani game da mutanen da yake tausayi, ta bakin tafinta ya same shi.

Sun wuce Cuzco, tsohon babban birnin daular Inka, suka hau zuwa kufan Machu Picchu, sannan suka gangara Lima, inda wani likitan kuturta mai suna Hugo Pesce ya karɓe su, ya ba su masauki da littattafai. Da taimakonsa suka isa sansanin kutare na San Pablo da ke gaɓar kogin Amazon. A can suka ƙi sa safar hannu, suna musafaha da marasa lafiya, suna buga ƙwallo tare da su. A wannan sansani Ernesto ya cika shekara 24, ya kuma yi jawabi inda ya nuna cewa a ganinsa mutanen nahiyar tun daga Meziko har ƙarshen kudu al'umma ɗaya ce, iyakokin da ke tsakaninsu kuwa na banza ne. Mutanen sansanin suka haɗa musu kwale-kwalen gungume, suka bi kogi zuwa Kolombiya, daga nan sai Benezuwela a watan Yuli. Alberto ya zauna a can ya kama aiki. Ernesto ya bi jirgin sama mai ɗaukar dawakin sukuwa, ya maƙale kusan wata guda a Miami, sannan ya koma gida. A 1953 ya kammala jarrabawarsa ya zama likita.

Gwatamala da Dutsen Meziko

Wanda ya saba da hanya, zama ba ya yi masa daɗi. A watan Yuli na 1953 ya sake fita, ya bi ta Boliviya da Peru da Ekwado har ƙasar Gwatamala. A can ya tarar da gwamnatin Jacobo Arbenz tana rarraba wa manoma filayen da ba a nomawa, ciki har da na kamfanin United Fruit na Amurka. A 1954 aka kifar da gwamnatin da taimakon hukumar leƙen asirin Amurka, a kan idonsa. Daga wannan lokaci ya yanke cewa ba za a sami sauyi ba sai da makami. Ya gudu zuwa Meziko, inda ya yi aiki a asibiti, yana kuma ɗaukar hoton mutane a wuraren shaƙatawa don ya sami na abinci. A nan ya haɗu da Fidel Castro a 1955. 'Yan Kyuba ne suka laƙaba masa Che, saboda kalma ce da mutanen Ajantina suke yawan jefawa a magana idan za su kira mutum, kamar yadda Bahaushe yake cewa kai ko aboki.

A wannan shekara ce ya fuskanci dutsen Popocatepetl, dutse mai aman wuta wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 5,400. A yunƙurin farko shi da abokan tafiyarsa sun yi sa'o'i suna fama da ƙanƙarar da take nutsar da su har cinya, ƙafafunsu suka daskare, dole suka juya. Ya dawo gida fatar fuskarsa tana saluɓewa saboda sanyi da hasken rana da ƙanƙara take mayarwa. Bai haƙura ba, ya sake komawa har sai da ya kai bakin ramin da ke saman dutsen. Daga baya hawan duwatsu ya zama wani ɓangare na horon da mayaƙan Castro suka yi a Meziko.

Kyuba: Nasara da Tabonta

A watan Nuwamba na 1956 mutum 82 suka shiga wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Granma suka nufi Kyuba, Che yana cikinsu a matsayin likita. Kwana uku da saukarsu sojojin Fulgencio Batista suka yi musu kwanton ɓauna, kaɗan ne suka tsira zuwa duwatsun Sierra Maestra. A cikin wannan ruɗani ya bar jakar magani ya ɗauki akwatin harsashi. A 1957 ya zama kwamanda, a ƙarshen 1958 kuma rundunarsa ta kama birnin Santa Clara. Ranar 1 ga Janairu, 1959, Batista ya tsere.

Tarihinsa daga nan yana da ɓangare mai duhu da bai kamata a ɓoye ba. An ba shi kula da kurkukun La Cabana, inda aka yi wa jami'an tsohuwar gwamnati shari'ar gaggawa, aka harbe mutane da dama da amincewarsa. Magoya bayansa suna ganin hukunci ne a kan masu azabtar da jama'a, masu sukarsa kuwa suna ganin kisa ne ba tare da cikakkiyar shari'a ba. Ya riƙe shugabancin babban bankin ƙasar daga 1959, ya zama ministan masana'antu a 1961, amma shirinsa na mayar da Kyuba ƙasar masana'antu cikin gaggawa bai yi nasara ba.

Kwango da Boliviya

Tsakanin ƙarshen 1964 da farkon 1965 ya zaga Afirka, ya ziyarci ƙasashe irin su Aljeriya da Mali da Gini da Ghana da Tanzaniya da Masar. A watan Afrilu na 1965 ya ƙetare tafkin Tanganyika a asirce tare da mayaƙan Kyuba, domin taimakon 'yan tawayen gabashin Kwango, waɗanda Laurent Kabila yake cikin shugabanninsu. Sunan da ya yi amfani da shi a can shi ne Tatu, wato uku da Swahili. Faransancinsa ya ishe shi magana da shugabanni, amma mayaƙa da ƙauyawa Swahili da harsunan yankin suke ji, don haka sai ta bakin wani yaro tafinta yake isa gare su. Bayan wata bakwai ya janye ba tare da nasara ba, kuma a rubutun da ya yi a kan wannan yaƙi ya lissafa rashin koyon Swahili sosai a cikin kasawarsa.

A ƙarshen 1966 ya shiga Boliviya da 'yan mayaƙa kaɗan. Wannan karo ya ɗauki darasi, ya sa mutanensa koyon harshen Kechuwa a sansani. Sai dai yankin kudu maso gabas da suka kafa sansanin, harshen gargajiyarsa Gwarani ne. Ba wannan ne kaɗai dalilin faɗuwarsa ba. Jam'iyyar kwaminis ta ƙasar ta janye hannunta, manoma da yawa sun riga sun sami filaye tun bayan gyaran dokar ƙasa na 1953, Amurka ta horar da sojojin da suka yi farautarsa, maganin asmarsa kuma ya ƙare. Amma sakamakon a fili yake: ko manomi ɗaya na yankin bai shiga rundunarsa ba, wasu ma su suka riƙa kai wa soja rahoto. An kama shi ranar 8 ga Oktoba, 1967, aka harbe shi washegari a cikin wata makarantar ƙauye a La Higuera, yana da shekara 39. Sai a 1997 aka gano ƙasusuwansa a Vallegrande, aka mayar da su Santa Clara. Alberto Granado, wanda ya koma Kyuba da zama, ya rasu a 2011. An buga littafin tafiyar babur ɗin a farkon shekarun 1990, aka kuma mayar da shi fim a 2004.

Kammalawa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji. Rayuwar Che ta gaskata maganar farko, domin tafiyar 1952 ce ta fitar da shi daga ɗakin karatu ta nuna masa halin da talaka yake ciki. Magana ta biyu kuwa, tarihinsa ya nuna iyakarta. Ya ga tsagaggun ƙafafun Aimarawa a cikin ƙanƙara, amma bai ji abin da ke bakinsu ba, kuma wannan giɓi ya bi shi har Kwango da Boliviya, inda ya tafi yaƙi domin mutanen da ba ya iya tambaya ko me suke so. Har yau ana jayayya a kan ko gwarzo ne ko mai zubar da jini, kowane ɓangare kuma yana da hujjarsa. Mu ɗaliban harshe, abin da za mu ɗauka a nan shi ne, duk wanda yake son ya yi wa wata al'umma aiki, likita ne ko malami ko ɗan siyasa, to ya fara da koyon harshenta, ya zauna ya saurare ta kafin ya yanke mata abin da ya dace da ita.